Zafin ta ina zai fita? Laccar da aka yi wa masu sana'ar hannu a Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Shugaban taro, iyayenmu malamai, iyaye mata da ke can gefe, magina, kafintoci, masu walda, teloli, ina gaisuwa. An ce in yi magana kan tsara wurin zama da wurin aiki da kayan amfanin yau da kullum. Abu huɗu na rubuto a 'yar takardar nan: rufi, shago, kayan gida, sai ado. Kafin la'asar mun gama, in Allah ya yarda.

Na farko, rufi. Wanda yake kwana cikin ɗaki a watan Afrilu ya ɗaga hannu. (dariya) Alhaji, sauke hannunka, kai kana da esi, ba da kai muke ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40. Mutum ya yi shekaru yana tari, ya sayi bulo, ya sayi simintin Figil, ya buga kwano, sannan wata uku a shekara ɗakin ya gagare shi. Kayansa su kwana ciki, shi yana tsakar gida yana kokawa da sauro. Ko fankar ma sai da wuta, kuma kun san lokacin da ruwa ke ja baya a madatsar Lagdo da ke ba mu wutar, lokacin ne zafi ya fi tsanani. To ɗakin wa aka gina? Na akwati?

Ku je Pus, can bakin kogin Logon, ku ga ɗakunan ƙabilar Musgum na da, waɗanda suka rage. Laka ce zalla da ciyawa, ba rodi, ba katako, wani ya kai mita tara. Ƙasan bangon da kauri, yana hawa yana sirancewa. Tudun-tudun nan da ke jikinsa baƙo zai ɗauka ado ne. Matakala ce, a kanta magini ke tsayawa yana ɗora laka, a kanta ake hawa a yi gyara, kuma ita ke karya gudun ruwan sama kada ya zaizaye bangon. Can ƙololuwa akwai rami. Hayaƙi da iska mai zafi su haura su fice, mai sanyi ta shigo ta ƙofa. Hadari ya taso, a hau a rufe. Mutumin da ya tsara wannan bai taɓa riƙe fensir ba, amma ya san zafi sama yake hawa, sai ya bar masa hanya.

Mu fa? Mu buga kwano daf da kai, mu toshe ko'ina saboda ƙura, mu saka taga ɗaya 'yar ƙarama saboda ɓarayi. Mun kifa murfi a kan tukunya, mun shiga ciki mun zauna, rana tana hura wuta.

Na ga wani yaro yana murguɗa baki, wai malam zai mai da mu gidan ƙasa. Ban ce ba, ɗana. Akwai wani mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, Francis Kéré. A ƙauyensu Gando ya gina makarantar firamare, aka gama a 2001. Tubalin laka ya yi amfani da shi, an ɗan gauraya da siminti, kuma kwano ya rufa, kwanon nan dai namu. Sai dai bai kwantar da shi kan bango ba. Ya yi silin na tubali, sannan ya sa aka walda rodi aka ɗaga kwanon sama, ya bar tazara, ya kuma fito da bakinsa waje sosai ya yi wa bango inuwa. Rana ta gasa kwano, iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafin. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu wannan fanni a duniya, shi ne ɗan Afirka na farko. Tazara ce, jama'a. Tazara tsakanin kwano da silin, a buɗe, iska na wucewa. Masu walda, wannan aikinku ne, rodin da kuke yin ƙofa da shi ne. Ku sa raga a bakin saboda jemagu da tsuntsaye, ku ɗaure da kyau don guguwar farkon damina ba ta da mutunci. Amma ku bar tazarar. Kafinta, kai ma in ka buga silin, kada ka liƙe shi ruf, ka bar 'yan ƙofofi a saman bango nan da can, su kalli juna.

Ni abin da ke ba ni haushi, iyayenmu sun san wannan. Soron azara da kaurin bango, da rana sanyi, da hunturu ɗumi. Bangon gabas, inda ruwa ke duka, a shafe shi da makuba. Zaure a gaba, baƙo ya zauna a sha iska, cikin gida ya tsira da sutura. Yanzu an rushe zaure an yi gareji, motar ma ba a saya ba tukuna. (dariya) Kuma kafin birkila ya ja igiya, ku tsaya ku dubi rana. Doguwar fuskar ɗaki ta kalli arewa ko kudu. Bangon yamma shi ne mugun, ya sha ranar la'asar, tsakar dare yana amayo ta. Can za ka kai ban-ɗaki ko sito, ko ka dasa darbejiya. Wanda ya bi titunan Marwa ƙarƙashin darbejiyoyin nan ya san bambancin.

Kai, lokaci. Na biyu, shago, a gurguje. Tela, kekenka ya zauna inda haske zai zo ta gefe, kada ka ba ƙofa baya inuwarka ta rufe allura. Teburin yanka ya kai maka ƙugu, ciwon bayan nan da kake sha ba maye ba ne. Kafinta, buga allo a bango, zana siffar kowane ƙarfe inda ake rataye shi. Da magariba kallo ɗaya za ka san wanda yaro ya yi gaba da shi.

Na uku, kayan gida. Randa ta fi firjin da ba wuta, domin jikinta na tsatso ruwa, iska ta busar, cikin ya yi sanyi. Wani malami a jihar Jigawa ta Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Gautar da ke yaushi a kwana uku sai ta yi makonni. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Da rani take aiki sosai, da damina iska ta jiƙe, ƙarfinta ya ragu. Ga matan Gawi kusa da Injamena suna gina randuna tun kaka da kakanni, me zai hana... Na'am? Hajiya na da tambaya. A miƙa mata abin magana.

(Wata daga cikin mata: Malam, Allah ya ƙara basira. Duk wannan na masu gini ne. Mu 'yan haya fa, da ko ƙusa ba a bari mu buga?)

Wallahi Hajiya kin kama ni, kuma rabin zauren nan 'yan haya ne. Maganar ado a bar ta sai wani jiƙon. Ki fara da bangon yamma: kafa rumfar zana a jikinsa, ba ta taɓa ginin kowa ba, ranar tashi ki naɗe abinki. Ki shuka soso ko duma ya hau ta. Da rani ki jiƙa buhun algarara ki rataya a taga inda iska ke shigowa, aikin randar nan ne dai. Da rana a rufe taga, bayan isha'i a buɗe duka, har ƙofa in akwai tsaro. Kwanon kuwa, maigidanki ya samu mai gidan hayar a yi magana ta fahimta, a shafa masa farin fenti, a cire kuɗin cikin haya, tunda rufinsa ne zai daɗe bai yi tsatsa ba. In ya yarda a shimfiɗa zana a sama, a sa sanduna a ƙasanta don tazarar nan, a nisanta ta da murhu, kuma a sauke ta kafin ruwan farko. Akwai mai gidan haya a nan? Alhaji, kai ne dai kuma. To ka ji, Hajiya za ta aiko.