Littafi Mai Shafi Ɗari Biyar: Lacca Ga Masu Rubuta Jagorar Na'urori

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. An ce in yi magana a kan dogon rubutu, irin littafin jagorar da ke biyo inji ko manhaja, mai shafi ɗari uku, ɗari biyar, da yadda ake riƙe shi a manhajar tsara littafi ba tare da ya watse ba. Abu huɗu na rubuto a takarda, sai mu ga inda lokaci zai kai mu.

Tarihi kaɗan tukuna. A 1985 kamfanin Aldus ya fito da PageMaker, wanda ya fi dacewa da mujalla da ƙasida, inda mutum ke zama ya ƙawata kowane shafi da hannunsa. A 1986 sai ga FrameMaker na kamfanin Frame Technology, wanda Adobe ta saye a 1995. Shi kuwa tun asali don manyan littattafan fasaha aka gina shi. InDesign ya zo a 1999, shi ma yana haɗa babi-babi su zama littafi guda.

Na farko, salo, wato kamannin rubutu da ake ajiyewa a manhaja ƙarƙashin suna guda, a riƙa ɗora shi a kan sakin layi. Nan fa zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri.

A ce littafin injin famfon ruwa kake rubutawa. Akwai gargaɗi a ciki wajen guda ɗari biyu: kada a buɗe murfi inji na aiki, a kashe wuta kafin a taɓa waya, da sauransu. Kai kuma duk inda ka zo gargaɗi sai ka zaɓi layin, ka yi masa kauri, ka mayar da shi ja, ka ɗan tura shi ciki. Ya yi kyau, babu mai musu. Ana saura kwana biyu a kai wa maɗaba'a sai maigida ya leƙo ya ce, ai ja ba ya fita a bugun baƙi da fari, a sa su cikin akwati. Yanzu gargaɗi ɗari biyu za ka bi ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi sai ka tsallake wasu. Wanda ya ƙirƙiri salo guda ya sa masa suna Gargaɗi, wuri ɗaya zai gyara, ya tashi ya tafi gida, kai kana nan har asuba. (dariya)

Ku lura da sunan: Gargaɗi. Kada a sa masa Ja Mai Kauri, don gobe ba ja ba ne. Sunan salo aikinsa yake faɗa: Kan Babi, Ƙaramin Kai, Mataki, Bayanin Hoto.

Kuma, Malam da ke murmushi a can, na san irinku. Kun yi salon, amma sai ku bi ta bayan fage ku ƙara ɗan gyara da hannu. Manhajar tana tona asiri. A InDesign za ka ga alamar tarawa ta fito kusa da sunan salon, a FrameMaker ɗan tauraro ne a ƙasan taga. Ma'anarta wannan sakin layin ya bar 'yan'uwansa. Ranar da ka sauya salon, shi ba lallai ya bi ba.

Sai masu danna Enter. Kan magana ya faɗo a gindin shafi shi kaɗai, sai mutum ya yi ta danna Enter har ya tura shi shafi na gaba. Gobe an ƙara jimla ɗaya a sama, sai ga fili fetal a tsakiyar shafi. Alhali a cikin salon akwai wurin da za ka ce wannan kan kada ya rabu da layin da ke binsa. Sau ɗaya za ka faɗa masa. Sau ɗaya! Sannan ƙunshiyar littafi, wato jerin kanun da ke ciki da shafukansu, daga salo ake tattaro ta, manhaja ba ta san kauri ba, suna ta sani. Kan da ka yi wa kauri da hannu ba zai taɓa fitowa a ƙunshiya ba, ko ka yi ta sabunta ta har gobe.

Na biyu, manuniya, wato irin "duba Hoto na 12 a shafi na 87". Kada hannunka ya rubuta 12 ɗin nan, kada ya rubuta 87. Ka ɗaure jimlar da hoton kansa, manhaja ta riƙa ƙirgawa. Injiniya ya kawo sabon hoto a babi na biyu, duk lambobin baya sun gusa, kai sabuntawa kawai za ka danna. Mai gyaran inji da ya bi lambar da ba daidai ba, ɓarnar ba a takarda take tsayawa ba.

Na uku... a'a, raba babi ya kamata ya zo kafin wannan, na tsallake shi. To, a gurguje: kowane babi fayil ɗinsa daban, fayil ɗin littafi ya haɗa su, shi ke jera lambar shafi. A InDesign ka zaɓi babi ɗaya ya zama uwar salo, sauran su kwafa daga gare shi. Hotuna kuma a bar su a jakarsu a ɗaura su da mahaɗi, kada a cusa su cikin fayil ya yi nauyi. Sunan inji da lambar samfurinsa a sa su a gurbi guda, in kamfani ya sauya suna a sauya sau ɗaya. Akwai kuma rubutu mai sharaɗi, inda littafi ɗaya ke fitar da jagorar ƙaramin inji da ta babba, ka ɓoye wannan ka nuna wancan. Wannan na nawa ke nan? Ku dai ƙirga. DITA ma na so in taɓa, tsarin rubuta takardun fasaha da ya fito daga kamfanin IBM, ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OASIS ta amince da shi a 2005, amma ga Hajiya ta ɗaga hannu. Bismillah.

Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce su a wurin aikinsu Word kawai suke da shi, shin sai sun sayi waɗannan?

A'a Hajiya, kada ki tayar wa maigidanku da hankali. Mafi yawan abin da na faɗa yana cikin Word. Salon kai na ɗaya da na biyu suna nan, ƙunshiya daga su take fitowa, bayanin hoto mai ƙirga kansa yana nan, manuniya tana nan. Kafin ki fitar da PDF ki danna Ctrl da A, sannan F9, duk lambobin su sabunta. Daga nan ki bi littafin da ido, don in an goge hoton da wata jimla ke nuni gare shi, saƙon kuskure zai fito da rubutu mai kauri a tsakiyar jimlar, kuma haka zai tafi bugu in ba a gani ba. Abin da ban ba ki shawara ba shi ne tsarinsa na haɗa fayil-fayil ƙarƙashin uwar takarda, ya yi ƙaurin suna wajen lalata aiki. Shafi nawa ne littafin naku? Ɗari da hamsin? Bar shi a fayil ɗaya, ki riƙa ajiye kwafi kullum da kwanan wata a sunansa. Akwai wani hannu a can baya, a miƙa masa makirufo.