Abin da akaifa ke faɗa game da jiki

Laccar wani likita a taron wayar da kai a Sakkwato, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, kowa ya ɗaga hannu ya dubi akaifarsa. Kanawa su ce farce, mu nan akaifa muka sani.

Akwai wadda tsakiyarta ke lotsawa, gefe ya ɗaga, ta koma kamar cokali, har ka ɗiga ruwa ya zauna bai zube ba. Galibi ƙarancin sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, ke kawo ta, wanda ke jawo ƙarancin jini. Mun fi ganin ta wurin mata masu haihuwa kusa-kusa, da manoman fadama masu taka danshi ba takalmi, tsutsa ta shiga ta fatar ƙafa ta je hanji ta riƙa shan jini. Wannan da sauƙi. A auna jini, a sha magani, a ci hanta da wake da zogale. Shayin nan na bayan abinci kuwa a jinkirta shi, yana hana jiki ɗaukar ayon. Sai dai a yi haƙuri, akaifa kusan milimita 3 take tsirowa a wata.

Ta biyun ce ke tayar mini da hankali. Kan yatsa ya kumbura kamar makaɗin ganga, akaifa ta lanƙwasa ta lulluɓe shi. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, shi ya sa ba a kulawa. Likitan Girka Hippocrates ya bayyana ta sama da shekara 2,000 da suka wuce. Tana iya zama alamar tsohon ciwon huhu, tarin fuka, kansar huhu, ciwon hanta, ko ciwon zuciya da aka haifi yaro da shi. Wasu kuma gado ne kawai, lafiyarsu lau.

Ga gwajin da wani likitan Afirka ta Kudu, Leo Schamroth, ya bayyana a 1976, bayan ya ga abin a yatsunsa. Ku haɗa bayan akaifun manuniya biyu. Kun ga 'yar ƙaramar taga tsakaninsu, haske na ratsawa? Madalla. Wanda bai gani ba, musamman in yana tari ko ya rame, ya je asibiti, ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wanda ya fi kusa da shi. Gwajin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Hajiya, na ga kin sha lalle. Ba laifi, lalle launi yake rufewa, siffar tana nan. Miƙo hannun in gani.