Hoton da ba shi da lamba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ba za mu shiga kasuwa ba, ba kuma za mu je bakin Bahar Maliya shan iska ba. Muna cikin ɗaki a nan Bur Sudan, wuta ta dawo ba da jimawa ba, ga ƙarar fanka nan kuna ji. Bari in juya kyamara ku ga abin da ya zaunar da ni gida sati uku.

Kun ga wannan ɗan baƙin abin da bai fi tafin hannu ba? Faifan ajiya ne na kwamfuta, na Kawu, ƙanin surukata. Kawu haifaffen Maiurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda mutanenmu, Fulani da Hausawan da suka yi hijira daga daular Sakkwato, suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya yi shekaru yana ɗaukar wa masu tonon tarihi da ma'ajiyoyin kayan tarihi hoto. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ya baro Umdurman, ya bar kyamarorinsa da fitilunsa duka, wannan kaɗai ya naɗe cikin rawani ya fito da shi.

Kawu, ku gaisa da jama'a mana.

To, kun ji shi, ya ce, "Ɗana, bar gaisuwa, nuna musu kofin nan tukuna."

Ga shi a allo. Kofin yumɓu ne irin na Karma, tsohuwar daular nan ta arewacin Sudan da ta yi zamani tun kafin shekara 1500 gabanin haihuwar Annabi Isa. Ku dubi jikinsa, ja ne daga ƙasa, bakinsa baƙi ƙirin, ga wani siririn zobe mai toka-toka a tsakani, ga shi siriri kamar ɓawon ƙwai. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Amma ku karanta sunan fayil ɗin: IMG_2231. Sunan da kyamara ta raɗa masa ke nan. Kofin wane gida ne? Wane kabari aka tono shi? Hoton bai faɗa ba, kuma irin wannan kofi suna da yawa a gidajen tarihi na duniya, sun yi kama kamar an tsaga kara.

Yanzu ku kalli na gaba da shi, 2232. Mummunan hoto ne, ya ɗan yi duhu, ga yatsan Kawu a gefe. Amma an kifa kofin, kuma ga lambar rajista an rubuta da tawada a ƙasansa. Na buɗe bayanan da kyamara ke binnewa cikin kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF, na ga tazarar da ke tsakanin hotunan biyu ba ta kai minti ɗaya ba. Ga kuma ɗan guntun da ya fita a leɓen kofin, iri ɗaya a duka biyun. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Da wani ya zo gyaran faifai ya goge munanan hotuna ya bar masu kyau, da kofin nan ya zama maraya.

Me ya sa na damu haka? Wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum ya san dalili. An buɗe shi a 1971, kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A farfajiyarsa akwai gine-ginen Buhen da Semna da Kumma, waɗanda aka kwaso dutse bayan dutse a shekarun 1960 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye su. A sama akwai zane-zanen bangon cocin Faras. Ina ɗalibi na sha zuwa can. Gidan ya faɗa hannun mayaƙan RSF, rundunar da ta shiga yaƙi da sojojin Sudan, kuma da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris 2025, an tarar an fasa akwatunan gilashi, an kwashe kaya masu ɗimbin yawa. Idan gobe ɗaya daga ciki ya ɓulla a wajen gwanjo a wata ƙasa, cewa "namu ne" da baki ba za ta dawo da shi ba. Sai an kawo hoto, da lamba, da awo, da tabon da ya bambanta shi da ɗan'uwansa. Akwai tsarin da ake kira Object ID, wanda aka fito da shi a 1997, yanzu yana hannun ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM. Tambayoyi tara ne game da kaya, tare da hoto, kuma da irin waɗannan bayanai ne Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ke saka abu a rumbunta na kayan tarihi da aka sace.

Ga yadda muke aikin. Na asali ba na taɓa shi, sai da na kwafe shi wuri biyu, ɗaya yana gidan wani ɗan'uwa a Kassala. A kan kwafi nake canja suna: lambar rajista, sai lambar hoto, sai fuskar da aka ɗauka, gaba ko baya ko ƙasa. Tsohon sunan kyamara kuma ina rubuta shi a gurbinsa cikin rumbun bayanai, don shi ne ke riƙe da jerin yadda aka ɗauka. Kowane kaya layi ɗaya ne a rumbun, hotunansa ko goma ne suna rataye da lambarsa. Babban fayil, TIFF ko RAW, yana can a ajiye; ƙaramin JPEG shi ne na kallo da aikawa. Rumbun ba ya haɗiye hoto, adireshin inda yake kawai yake riƙewa, saboda haka da ka canja sunan jakar fayil, mahaɗin duka sun tsinke.

Don Allah, masu aiko mana da hotuna ta WhatsApp, ku aiko a matsayin takarda, kada ku aiko a matsayin hoto. Yana matse shi, yana share kwanan wata da sauran bayanan ciki. Jiya wani bawan Allah ya turo mana guda arba'in, ko ɗaya ba mu iya sanin ranar da aka ɗauka ba.

Saura wata jaka da na sa wa suna "jiran tabbaci". Hotuna ne da babu lamba, babu rula a gefensu, babu maƙwabcin da zai ba da shaida. Su sai Kawu. Bayan la'asar yakan zauna da jabanarsa, wato butar gahawarsa, ina wucewa da su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya girgiza kai, wani ya ce in dakata. Shekaranjiya ya gane wata tukunya ta dalilin ƙyallen da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta, ya ce shuɗin yadin nan wuri ɗaya tak ya taɓa amfani da shi. Na rubuta sunan wurin, na rubuta a gefe cewa daga bakin Kawu ne, da kwanan wata, ban saka shi gurbin abin da aka tabbatar ba.

Ga shi yana miƙo hannu, ya ga wani. Kawu, in koma baya? Wannan mai wuyan? To, bari in ajiye kyamara in ɗauko biro.