Filin Golf Da Ya Shekara Fiye Da 90 A Takarda: Me Ya Hana A Gina Shi?

[Hoto: tsohon zane mai launi, kyamara na matsowa a hankali]

Wannan takarda da kuke gani ita ce ta jawo surutu. Zanen filin golf ne, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Alister MacKenzie, shahararren mai zana filayen golf, ya zana shi a 1930 domin wani attajirin Ajantina, Enrique Anchorena, wanda ke da babbar gona mai suna El Boquerón kusa da birnin Mar del Plata. Ramuka 18, an jera su tsaf. Amma ba a taɓa gina wannan zane yadda yake a gonar ba.

Da labari ya bazu cewa wani kulob mai suna 21 Golf Club ya ɗauki zanen zai gina shi kusa da garin Aiken a jihar Carolina ta Kudu, tambayar da ta fi yawo ita ce: tunda zane na nan, me ake jira tun tuni? A kira katafila mana, a bi layi. Nan ne akasari ake kuskure, kuma nan za mu fi daɗewa.

Kafin nan mu raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai filin da aka gina, aka yi wasa a kai, daga baya ya ɓace. Akwai kuma wanda bai taɓa barin takarda ba.

[Tsoffin hotunan bakin teku a Long Island]

Lido kenan, misalin na farko. Charles Blair Macdonald ya fara aikinsa a 1914 a Long Island ta New York, aka zuƙo yashi kimanin yadi miliyan 2 na awon cika daga ƙarƙashin ruwa aka cike fadama. An yi shekaru ana wasa a kansa, sai rundunar sojin ruwan Amurka ta karɓe wurin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ku riƙe sunan, za mu dawo kansa. El Boquerón kuwa na rukuni na biyu ne.

Me ke kashe aiki tun yana takarda? Galibi kuɗi, kuma wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi a Oktoban 1929, talauci ya zagaye duniya. Hatta Augusta National ta Amurka, inda ake gasar Masters, wadda ita ma zanen MacKenzie ce, da ƙyar ta sha. Bobby Jones da Clifford Roberts sun sayi tsohuwar gonar renon itatuwa mai eka 365 a kan dala 70,000, da burin tara mambobi 1,800. Kuɗin shiga dala 350, na shekara dala 60. Lokacin gasar farko a 1934 mambobi ba su kai 100 ba.

[Taswirar Augusta, ana goge sassa ɗaya bayan ɗaya]

Ku ga abin da aka soke. Fili na biyu mai ramuka 18. Filayen tanis. Ɗan ƙaramin filin gajerun bugu da MacKenzie ya zana. Da rami na 19, mai tsawon yadi 90, wanda ya so a saka kusa da ginin kulob domin wanda aka cinye ya samu damar ramawa. Wannan na ƙarshen ya fi ba mu tausayi, don ra'ayi ne mai daɗi ƙwarai, kuma da bai ci wani kuɗin a zo a gani ba.

To, a ce kuɗi ya samu. Ga zane a hannu. Yanzu aka zo wurin.

[Babban yatsa a kan takardar, kusa da alamar rami]

Ku dubi farcen nan. A ce an zana taswira da ma'aunin 1 zuwa 2,500, wato milimita ɗaya a takarda mita biyu da rabi ce a ƙasa. Dandalin da ramin yake ciki, wanda 'yan wasa ke kira girin, idan faɗinsa mita 30 ne, a takarda milimita 12 ne kacal. Farce ya rufe shi ruf. Kaurin layin fensir kaɗai ya kai mita ɗaya ko fiye. Alhali a kan girin, tudun da bai wuce tsawon tafin hannu ba shi ne ke juya ƙwallo dama ko hagu.

Abin da irin wannan zane ke faɗa shi ne: ga inda za a tsaya a yi bugun farko, ga hanyar da za a bi, ga inda tarkon yashi zai zauna, ga siffar girin, ga nisan kowane rami. Wani lokaci a ƙara 'yan kibiyoyi da lambobi, nan ya hau ƙafa uku, can ya sauka ƙafa biyu. Tsakanin lamba da lamba kuwa fari fat. Wa ke cike gurbin? Mutumin da ke tsaye cikin ƙura da leburori.

Haka MacKenzie ke aiki, ba ɓoyayyen abu ba ne. Likita ne tun asali, ya koyi dabarun ɓad-da-kama na soja, ya san yadda ake sa tudun da aka tara da hannu ya yi kama da halitta. Ya je Ostireliya a ƙarshen 1926, bai fi 'yan makonni ba, ya bar zanen Royal Melbourne a hannun Alex Russell da mai kula da ciyawa Mick Morcom. An buɗe filin a 1931, shi kuwa bai sake komawa ya gani ba. A Jockey Club na Buenos Aires, Luther Koontz ne ya tsaya kan aikin. Augusta ma bai ga kammalarta ba, ya rasu a Janairun 1934, saura wata biyu da 'yan kwanaki a yi gasar farko. Kenan ko a filayen da aka gina yana raye, rabin abin da muke yabawa hannun wasu ne da suka ji bayani daga bakinsa. El Boquerón bai samu wannan mutumin ba, kuma duk wanda ya ji bayanin ya riga mu gidan gaskiya.

[Zanen kwamfuta: ana kafa turaka a fili]

Ga yadda ake sauke zane ƙasa. Safiyo zai kafa turke uku ga kowane rami: ɗaya a wurin bugun farko, ɗaya inda ake sa ran ƙwallo ta sauka, ɗaya a tsakiyar girin. A share siririn layi tsakaninsu, mai zane ya taka da ƙafa. Yawanci tun a nan ake fara gyara. Turken da ya yi kyau a takarda sai a tarar ya faɗa cikin kwari, ko bayan tudu inda ɗan wasa ba zai ga tutar da ke nuna ramin ba, ko yana fuskantar rana tsaye da yamma. A matsar da shi mita 20, sai ramin gaba ma ya motsa.

Sai ruwa. Takarda ba ta jiƙa, ƙasa kuwa tana yi.

[Rami na 10 a Augusta, daga sama]

Wannan rami na 10 ne a Augusta, gangaren da ya kai kimanin ƙafa 100. Kun ga katafaren tarkon yashin nan a tsakiyar hanya, can nesa da girin, kamar an manta da shi? Ba a banza yake ba. A gefensa MacKenzie ya ajiye girin na asali, a ƙasan kwari. Ruwa ya riƙa kwanciya a wurin. A 1937 Perry Maxwell ya ɗauke girin ya mai da shi kan tudu a baya, aka bar yashin inda yake. Haka kuma tun 1935 aka musanya ramuka tara na farko da tara na biyu, domin sashen da ke ƙasa cikin inuwa ya fi daɗewa da raɓar ƙanƙara da safe. Shekara biyar ba a cika ba ƙasa ta yi wa gwani gyara sau biyu. Zanen da ba a gina ba bai taɓa shan irin wannan gyara ba.

A zamanin MacKenzie, da ƙasar wurin ake yin girin, alfadarai ko tarakta su jawo ta a daddale. Tun 1960 hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar da tsarin da yawanci ake bi yau. A haƙa gurbi. A shimfiɗa bututai masu huji, faɗin santimita 10, tazarar da ba ta wuce mita 5 ba, da gangaren aƙalla rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A zuba tsakuwa santimita 10. A ɗora cakuɗen yashi santimita 30. Sharaɗin shi ne ƙasan gurbin ya ɗauki siffar saman daidai, tudu da tudu, kwari da kwari. Idan yashin ya yi kauri a wani wuri, nan zai bushe ciyawa ta ƙone. Idan ya yi siriri, nan zai riƙe ruwa saiwa ta ruɓe. Ma'ana dole a yanke shawarar kowane tudu kafin a zuba tsakuwa, kuma tsohon zanen bai yanke ba.

[Ƙwallo tana gangarowa daga sandar awo]

Yanzu ga abin da ya fi wuya. Wannan sandar Stimpmeter ce, Edward Stimpson ya ƙirƙiro ta a 1935. A saki ƙwallo daga kanta, a auna ƙafa nawa ta mirgina. Da USGA ta auna filayen Amurka a wajajen 1977, matsakaicin ya tsaya kusan ƙafa shida da rabi. A manyan gasanni yau ana kaiwa 12 zuwa 13, saboda ana aske ciyawa har zuwa milimita 3. A kan doguwar ciyawar da, ƙwallo na iya tsayawa a gangaren kashi 5 cikin ɗari. A kan ta yau, idan wurin da aka huda ramin ya wuce kashi 3, wato santimita 3 a kowace mita, ƙwallo za ta wuce ramin ta ci gaba da tafiya abinta.

MacKenzie kuwa mai son gangare ne sosai. A Sitwell Park ta Ingila ya taɓa gina girin masu tsananin hawa har daga baya aka baje su. To mai gini na yau yana da zaɓi biyu. Ya bi lambobin zane, ya samu girin da babu inda za a kafa tuta. Ko ya rage tudu, ya rasa abin da ya sa ake son zanen tun farko. A ganinmu hanya mafi gaskiya ita ce a bar tudun, a ɗaga injin aski, a yarda ƙwallo ta yi tafiya a hankali. Sai dai mambobin da suka zuba maƙudan kuɗi ba kasafai suke son jin haka ba.

Nisa ma haka. Augusta ta fara da kimanin yadi 6,700, yau ta haura 7,500. Tarkon yashin da aka ajiye domin ya kama bugun 1930, ɗan wasan yanzu ta samansa ƙwallonsa za ta wuce. A ja wurin bugu baya? A matsar da yashin gaba? A buɗa zanen gaba ɗaya kamar hoto a waya? Kowanne na canja kusurwar da ake tunkarar girin.

[Komawa kan zanen El Boquerón, ana haska girin ɗaya-ɗaya]

Ku ƙirga tare da mu. Ramuka 18, girin 9. Kowane girin ramuka biyu ke rabawa, tuta biyu, 'yan wasa na tahowa daga fuska biyu. Daga St Andrews ta Sikotilan ya ɗauko dabarar, inda akwai irinsu guda 7, babbansu ya haura murabba'in mita 3,000. A gonar mutum ɗaya da baƙinsa, wannan ba matsala. A kulob mai cika da safe, ƙwallon da ta kauce daga wancan ɓangare kan mutane za ta sauka, don haka dole a faɗaɗa. A ce kowanne murabba'in mita 1,500 ne. Sau santimita 30 na yashi, mita 450 na awon cika kenan. Sau 9, ya haura 4,000. Da tifa mai ɗaukar mita 10, lodi 400 ne da 'yan kai, ba a zo kan tsakuwa da bututu ba, ba a zo kan askin kullum ba.

[Allo ya rabu biyu: tsohon Lido da sabo]

Mun ce za mu dawo kan Lido. An sake gina shi a Sand Valley ta jihar Wisconsin, aka buɗe a 2023. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne an taɓa gina shi. Akwai hotuna daga ƙasa da daga jirgin sama, akwai inuwar kowane tudu. Peter Flory ya shafe shekaru yana harhaɗa su cikin wasan kwamfuta, Brian Zager ya mai da wannan zuwa awon da katafila mai GPS ke karantawa, kamfanin Tom Doak ya gyara da ido da hannu. Rami na 18 a can ma daga zanen MacKenzie ya samo asali, wanda ya ci gasar mujallar Country Life a 1914.

El Boquerón ba shi da hoto ko ɗaya, domin babu abin ɗauka. Ga shi kuma an raba zanen da ƙasarsa. An yi shi domin gonar da ke kudancin duniya, inda rana ke bi ta arewa, kusa da iskar tekun Atlantika. Yanzu zai zauna a yashin Carolina, cikin itatuwan pine, da wata iska, da wata ciyawa.

[Jirgi marar matuƙi yana shawagi kan fili mai yashi]

Shi ya sa idan kuka ga an rubuta “filin MacKenzie”, ku tambayi abu uku: wa ya yanke tsayin tudun girin, da wane gudun ƙwallo aka yi lissafi, kuma an juya zanen ta wace fuska game da rana da iska. Jerin ramuka da dabarar girin tara nasa ne, babu ja. Tudu da kwarin da ƙwallo za ta bi kuwa aikin mutanen da kuke gani cikin hoton nan ne, waɗanda ke bin bayan katafila da manjagara a hannu.