Gilda 7 da rabi kan kowane mutum: masu farautar Yahudawa a Amsterdam

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau labarin namu a Amsterdam yake, babban birnin ƙasar Holan, kuma gaskiya labari ne da duk sanda na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Jamus ta mamaye Holan ranar 10 ga watan Mayu 1940, lokacin akwai Yahudawa kusan 140,000 a ƙasar. Zuwa Yulin 1942 an fara kwasarsu a jirgin ƙasa zuwa sansanonin kisa, shi ne wasu kamar mutum 28,000 suka shiga ɓuya, wani a saman silin, wani a bayan kabad, wani a gidan manomi can ƙauye. To ka san mai ɓuya ba ya ciyar da kansa, abinci da kati ake saye lokacin, dole sai wani ya samo masa katin, wani ya kawo burodi, maƙwabci kuma yana jin motsi a ɗakin da aka ce ba kowa, ka ga kenan ransa na hannun mutane da yawa, bakin mutum ɗaya ya isa ya tona asiri.

Nan 'yan Nazi, masu mulkin Jamus a lokacin, suka samu ƙofa. Akwai wani ofis da aikinsa kawai rubuta kayan gidajen da aka kwashe masu su, kujeru, gadaje, tukwane. Ma'aikatan 'yan Holan ne, sun san unguwanni lungu-lungu, sun san yaren, da ɗan gari ai akan ci gari. A watan Maris 1943 aka ware wasu cikinsu, wajen mutum 50, ƙarƙashin wani makanike Wim Henneicke da abokin aikinsa Willem Briedé, aka ce su shiga farautar mutane, duk Bayahuden da suka kawo a biya su gilda 7 da rabi (gilda kuɗin Holan ne a lokacin). Har rasit ake sa wa hannu fa. Kuma kuɗin ladan daga dukiyar da aka ƙwace wa Yahudawan ake fitar da shi, wato da kuɗinka za a biya wanda ya kama ka.

Yadda suke aikin ma shi ya fi ci min rai, su biya masu tsegumi, su tsorata mai gidan da ya ɓoye mutane cewa shi ma sansani za a kai shi, su kama uwa su matsa mata sai ta faɗi inda ta kai ɗanta, don iyaye da yawa rabuwa suka yi da yaransu saboda ɓuyan ya fi sauƙi. Mutum ya hau jirgi ya tafi wani gari takanas don ya ɗauko yaron da ko magana bai gama iyawa ba, ya dawo ya karɓi kuɗinsa.

Wanda aka kama ana kai shi wani gidan wasan kwaikwayo, Hollandsche Schouwburg, yara kuma gidan raino da ke tsallaken titi. A nan ne su Walter Süskind, Bayahuden da aka sa kula da gidan wasan, da Henriëtte Pimentel, shugabar gidan rainon, da Johan van Hulst, shugaban makarantar horar da malamai da ke maƙwabtaka, suka yi ta sulale yara ta ɓarauniyar hanya har kusan 600. Sauran sai sansanin Westerbork da ke cikin Holan, daga can jirgin ƙasa yakan tashi ranar Talata zuwa sansanonin kisa na Auschwitz ko Sobibor.

Cikin wata shida zuwa bakwai kacal 'yan Henneicke sun miƙa mutum 8,000 zuwa 9,000, kafin a rushe su a Oktoban 1943. Gaba ɗaya Yahudawa kusan 107,000 aka kwashe daga Holan, wajen 5,000 ne suka dawo da rai.

Shi Henneicke 'yan gwagwarmayar Holan masu adawa da mamayar Jamus sun harbe shi har lahira a Amsterdam a Disambar 1944. Briedé kuwa ya gudu Jamus, kotu ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, ba a taɓa zartarwa ba, a can ya ci gaba da zamansa har ya mutu a 1962.