Digiri a hannu, naƙasa a jiki: yadda ake shiga aikin gwamnati

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Bayanin yau na ɗan'uwa ne ko 'yar'uwa da ta gama digiri ko babbar difloma, tana da naƙasa, tana kuma neman aikin gwamnati. Wataƙila a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ka gama, ko jami'ar jiha da ke Gaɗau, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Bauchi. Iyaye ma su saurara, don sau da yawa a gida ake fara cewa, "Wa zai ɗauke ka a haka?"

A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci. Sashe na 29 na dokar ya ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu masu naƙasa su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Wato a ma'aikatar da ke da mutum 200, goma daga ciki su kasance makafi, kurame, guragu, zabiya da sauransu. Sashe na 28 kuma ya ce mai naƙasa yana da 'yancin neman aiki daidai da kowa. Wanda ya tauye masa wannan 'yanci, kotu na iya sa shi biyan diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba, kamfani kuwa naira 500,000, kuma kuɗin na wanda aka zalunta ne.

To amma ku lura da kalaman nan na "iya ƙoƙarinsu". Nan ne ƙofar da ake sulalewa. Shugaban ma'aikata zai ce ai mun yi talla, babu mai naƙasa da ya nema, ko waɗanda suka nema ba su cika sharaɗi ba. Wannan uzuri yana tafiya ne kawai idan babu takardarka a kan teburinsa. Shi ya sa duk wanda ya zauna a gida bai cike fom ba, ya sauƙaƙa musu aiki ba tare da ya sani ba.

Wannan doka ta tarayya ce, ta fi ƙarfi a ma'aikatun tarayya, kuma da yawansu suna da ofisoshi a Bauchi: jami'a, asibitin koyarwa, sakatariyar tarayya. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa domin ta bi sawun dokar. A ɓangaren jiha, Bauchi tana cikin waɗanda suka riga saura, tun 2010 take da dokarta, tana kuma da hukumar jiha mai kula da masu buƙata ta musamman. Ka san ofishinsu, su ma su san fuskarka da abin da ka karanta.

Sai hanyar shiga. Manyan ma'aikatun tarayya suna ɗaukar masu digiri ne ta Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya, yanzu kuma ta intanet ake nema. Sauran hukumomi, irin su jami'o'i da asibitoci, kowacce tana tallata nata guraben. Jiha ma tana da tata hukumar ɗaukar ma'aikata, ga kuma ɓangaren koyarwa. Mai digiri na farko a matakin albashi na 8 yake farawa. Ka riƙe wannan da kyau, domin akwai wanda ke da digiri a lissafin kuɗi, aka ce ya zauna a bakin ƙofa yana rubuta sunayen baƙi, a ba shi ɗan abin sabulu a ƙarshen wata, a ce an taimake shi. Wannan ba aikin gwamnati ba ne. Aikin gwamnati shi ne a ba ka takardar ɗaukar aiki na dindindin mai fansho, sunanka ya shiga tsarin biyan albashi, bayan shekara biyu a tabbatar da kai, daga nan kusan duk shekara uku ka zauna jarrabawar ƙarin girma, har ka kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki.

Haka ma muƙamin siyasa na mai ba da shawara kan harkokin naƙasassu. Yana da amfaninsa, kuma akwai waɗanda suka riƙe shi suka yi wa jama'arsu aiki. Sai dai kujera ɗaya ce, tana tafiya da wanda ya naɗa. Abin da muke so shi ne makaho lauya a ma'aikatar shari'a, kurma injiniya a ma'aikatar ayyuka, gurguwa akanta a baitulmali, kowa a layin da ya karanta.

Takardu kuwa ba su da yawa: shaidar makarantu tun daga firamare, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar asalin ƙaramar hukumarka daga cikin 20 na jihar nan, lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar bautar ƙasa. A duba sunan da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina, domin harafi guda yana iya sa kwamfuta ta watsar da mutum.

Batun bautar ƙasa yana buƙatar ƙarin bayani. Yawancin masu naƙasa a wajenmu ba su fara makaranta da wuri ba. Wani sai da ya kai shekara goma kafin a ji labarin makarantar masu buƙata ta musamman da ke Yelwa, wani kuma jinya ta cinye masa shekaru. Idan ka gama jami'a ka haura shekara 30, ba za ka je sansanin Wailo ko wani sansani ba, takardar yafe hidima za a ba ka, kuma karɓaɓɓiya ce wajen neman aiki. Kada wani ya ce maka ba ta da daraja. Inda abin ke ciwo shi ne tallan da ke ƙayyade shekarun mai nema. Mutumin da rashin makaranta kusa da gida ya jinkirta shi, ya zo ya yi ta fama har ya gama, sai a ce ya tsufa. Wannan sharaɗi ya kamata a sassauta shi ga masu naƙasa, kuma ƙungiyoyinmu su sa shi a gaba duk lokacin da suka zauna da hukuma.

Tambayar da ta fi yawa ita ce: in faɗi ina da naƙasa a fom, ko in ɓoye? Tsoron yana da dalili, an sha ganin wanda aka kira ganawa, da ya shigo da sanda fuskoki suka canza. Duk da haka shawarata ka faɗa. Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya kan nemi mai naƙasa ya bayyana irin naƙasarsa, kuma ba za a ƙirga ka cikin kashi 5 ɗin nan ba sai an san da kai. Ka nemi rahoton likita daga asibitin gwamnati, da takardar shaidar naƙasa da dokar ta tanada. Bayyanawar ce kuma ke ba ka damar neman abin da kake buƙata ranar jarrabawa, wadda yanzu galibi a kwamfuta ake yi. Makaho ya nemi manhajar da ke karanta rubutu da murya, ko mai karanta masa, da ƙarin lokaci. Kurma ya nemi tafintan maganar hannu ranar ganawa. Mai keke ya nemi a sa shi a ɗakin ƙasa. Ka rubuta wannan buƙata tun kafin ranar, ka kai, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka adana. Magana ta baki ba ta zama hujja gobe.

Ga makafi musamman, ku koyi kwamfuta tun yanzu. Manhajar NVDA, mai karanta rubutu da murya, kyauta ce, kuma wanda ya iya ta zai rubuta wasiƙa, ya karanta fayil, ya aika saƙo ba tare da ya jira kowa ba. Da zarar masu ganawa sun ga haka da idonsu, rabin shakkarsu ta tafi.

Gine-gine ma suna cikin dokar. An ba da shekara biyar a gyara su yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Har yau akwai ofisoshin da ba a kaiwa sai an hau bene, babu na'urar hawa, banɗakin ma keke ba ya shiga. Idan an ɗauke ka, neman a sauko da teburinka ƙasa ko a yi gangare a bakin ƙofa haƙƙinka ne, kada ka ji nauyin nema.

A yi hattara da dillalan aiki. Suna farautar masu naƙasa, suna cewa akwai kaso na musamman, a kawo dubu ɗari kaza. Neman aiki a hukumar tarayya kyauta ne, kuma wanda ya sayi takardar bogi, ranar tantancewa kuɗinsa da sunansa duka za su tafi.

Idan kuma aka ce maka kai tsaye ba a ɗaukar irinku, ka rubuta ranar, da wurin, da abin da aka faɗa, da wanda ya ji. Ka kai ƙorafi a rubuce ga hukumar masu naƙasa ta jiha ko ta ƙasa, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ka kuma sanar da reshen Bauchi na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa. Ita ƙungiyar, abin da zai fi amfani shi ne ta riƙe cikakken jerin masu digiri da difloma, kowa da fanninsa da ƙaramar hukumarsa, ta miƙa shi a rubuce duk ranar da aka tallata guraben aiki. Idan sunanka ba ya ciki, ka je a saka shi a wannan makon.