Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ake Ba Gado, Wa Ake Sallama da Magani?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Katsina. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan jinyar manya masu larurar ƙwaƙwalwa suke. Kamar yadda muka saba in magana ta shafi sirrin gida, ba za mu faɗi sunan kowa ba, gari ko unguwa kawai za ku ji.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Daura. Ta ce: "Ƙanena mai shekara 27 ya daina barci, yana surutu shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Mun kai shi asibiti, likita ya rubuta magani ya ce mu dawo bayan mako 2. Kawunmu ya ce raina mu aka yi, da muna da hanya da an ba shi gado. Haka ne?"

Baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Ki lallaɓa ki gaya wa kawu cewa gado a wannan ciwo ba alfarma ba ne da ake yi wa mai hanya. Kafin likita ya ce a kwantar da mutum, abin da yake aunawa shi ne haɗari. Yana maganar kashe kansa, ko ya taɓa gwadawa? Yana ɗaukar makami, ko yana kai wa mutane duka? Ya ƙi ci ya ƙi sha har jiki ya fara lalacewa? In an ba shi magani zai karɓa, kuma akwai mai tsaya masa a gida? Idan ƙanenki yana cin abinci, yana haɗiye maganinsa, ga ku kuna kewaye da shi, to ɗakinsa ya fi masa gadon asibiti. Mafi yawan masu wannan larura haka ake jinyarsu: su zo da katinsu ranar da aka sa musu, likita ya duba, ya ƙara magani ko ya rage, su koma gida.

Kuma wannan dabara ba ta rashin gado ba ce kawai. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci yake zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da ɗan uwansa, ya shigo da rana a yi masa magani, da yamma ya koma cikin mutane. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya lura da shi shi ne, mutum ya fi saurin dawowa hayyacinsa in ba a raba shi da danginsa ba.

Sai dai kada mako biyun nan ya zame muku doka. In ya fara maganar mutuwa, ko ya ƙi magani, ko ya fara ficewa cikin dare, ku mayar da shi a ranar. Kafin nan kuma a kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, maganin nasa ma wani babba ya riƙe, ya riƙa ba shi yana kallo har ya haɗiye.

Wani bawan Allah daga Mashi ya ce yayansa ya fi ƙarfinsu, ya farfasa kayan ɗaki. Ana ce masa wanda aka kwantar a asibitin ƙwaƙwalwa ya tafi ke nan, gara a kai shi gidan mari, ya fi araha.

Malam, yayanka yana cikin waɗanda aka yi gadon dominsu. Zaman kuma galibi na makonni ne. A kwanakin farko ana ba shi allura ko ƙwaya da za ta sa ya samu barci ya natsu, a yi gwajin jini, domin wani lokaci zazzaɓi mai tsanani ko ciwon suga ko shaye-shaye ne ke rikita mutum. Likita yana zagayawa, nas-nas suna lura da cinsa da barcinsa, in ya fara sauƙi a zauna da ku 'yan uwa a tsara yadda za a ci gaba a gida, sannan a sallame shi da ranar dawowa a rubuce a kati. A nan Katsina za ku iya farawa da asibitin koyarwa na gwamnatin tarayya ko asibitin masu taɓin hankali na jiha. Akwai kuma na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato.

Gidan mari kuwa, mu mutanen jihar nan ba labari za a ba mu ba. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga irin waɗannan gidaje a Daura da cikin Katsina, suka fito da mutane da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Iyayensu da kyakkyawar niyya suka kai su, kuɗi ma suke biya. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, amma muryoyin da mutum yake ji a kunnensa suna nan. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Ta haramta azabtar da majinyaci ko wulaƙanta shi, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba. Ku samu maza biyu ko uku da yayanka yake jin nauyinsu, a yi masa magana a hankali, a sa shi a mota zuwa asibiti.

Sai wata Hajiya daga Ƙofar Sauri. Ta ce tun da aka sallamo maigidanta jikinsa ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, tafiya kamar an ɗaura masa itace a baya, shi ya sa ta ɓoye maganin.

Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne, kuma mun san tausayi ne ya sa ki. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine suna kawo wannan, wani ma wuyansa ya karkace ko idonsa ya ƙafe sama. Amma yana da gyara: likita ya rage yawan maganin, ko ya sauya wani, ko ya ƙara wata 'yar ƙwaya da ke saki jiki. Yanke magani gaba ɗaya shi ne hanya mafi kusa ta komawa gadon da aka baro. Wanda ciwon ya kama karo na farko akan so ya ci gaba da sha shekara 1 zuwa 2 bayan ya warke, wanda ya sha maimaita masa kuma fiye da haka. In haɗiyar ƙwaya kullum ta zama rigima a gidan, ki tambayi likita allurar da ake yi duk mako 2 zuwa 4. Ki fito da maganin nan ki tafi da shi asibiti gobe, a gani da ido.

Daga Mai'aduwa an rubuto cewa wata mai jego, kwana 9 da haihuwa, ta ƙi jaririnta, ba ta barci, tana sambatu, surukarta ta ce iska ce. Wannan na gaggawa ne, yau za a kai ta. Ciwon ƙwaƙwalwa ne na bayan haihuwa, yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, yawanci a makonni biyun farko, kuma ana warkewa. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Addu'a da ruƙiyya babu mai hana ku, ku yi a mota, ku yi a bakin gado, ban da duka da turaren barkono.

Wani malamin makaranta daga Dutsi ya ce kwanansa 10 yana shan maganin ciwon damuwa bai ji sauyi ba. Malam, da saura. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin aikinsa, in ka samu sauƙi kuma a ci gaba aƙalla wata 6. Ka riƙe ranar ganin likitanka.

Lokaci ya ci mu. Wasiƙun da suka zo kan tiramadol da kodin, da inda ake kai wanda yake son ya daina, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.